Ga ƙanwata da ta ce ba ta ga abin godiya a bana ba

Salama a gare ki ƙanwata. Tun da asuba na ga tambayarki, na ajiye wayar, na sake ɗauka, sai yanzu na samu ƙarfin rubutu. Kin ce an sanar da sujadar godiya da ta daren 31 ga Disamba, ke kuma kin duba gaba kin duba baya ba ki ga abin da za ki tsaya ki gode a kai ba. Aikin maigidanki ya tsaya, bashi ya hau kanku, wadda kika riƙa a matsayin 'yar'uwa a ikkilisiya ita ce ta cuce ki. Kina tambaya ko zunubi ne ki zauna a gida a daren nan, da kuma yadda mutum zai shirya wa sabuwar shekara da irin wannan zuciya.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Inda kike tsaye yau, nan na tsaya a ƙarshen 2023. Ku da kuke wajenmu kun san abin da ya sami citta a shekarar, daga Kachia zuwa Jaba zuwa Kagarko babu gidan da bai ji a jikinsa ba. Mu duk abin da muka mallaka mun zuba a gonar nan, har da na rance. Mun shuka a kan lokaci, mun rufe da ganye, ta fito kore shar, duk wanda ya wuce sai ya ce bana kun dace. Ana tsakiyar damina ganye ya fara komawa rawaya. Ranar da na sa hannu na tona, cittar ta narke mini a tafi, ga wari. Na zauna daɓas a tsakiyar gona, na rasa ma hawayen. Ko iri ba mu fitar ba. Ga shi tun 29 ga Mayu an cire tallafin mai, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin mota ya tashi, komai na kasuwa ya bi shi.

Amma ba cittar ce ta karya ni ba. Cuta ce ta faɗa wa gonar kowa, na iya haɗiye wannan. Adashi ne ya karya ni.

Mu 12 ne, naira 15,000 kowane wata, kwasata a Nuwamba. Ni na zaɓi watan da kaina saboda Kirsimeti da kuɗin makarantar yara na Janairu. Ko a watannin da tukunyata ba ta hau murhu sau biyu a rana ba, ban taɓa fashin zubi ba. Na sayar da kajina, na sayar da akuyar da nake ji da ita, na kai. Uwar adashin kuwa ba baƙuwa ba ce. Benci ɗaya muke zama a Zumunta, ƙungiyar matan ikkilisiyarmu. Ita ta riƙe mini autana ranar da aka miƙa shi ga Ubangiji. Da aka kwantar da ita, ni na kwana uku a ƙasa kusa da gadonta ina mata fifita. Nuwamba ya zo, ta ce gobe. Gobe ta zo, ta ce jibi. Daga baya ta ce ai wasu ne ba su zuba ba. Na bi matan nan ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ce ta kai nata tun farkon wata. Sau biyar ina taka ƙafa zuwa gidanta. A na biyar 'yarta ta fito ta ce Mama ba ta nan, alhali ga takalmanta a bakin ƙofa, ina jin tarinta daga ɗaki. Yarinyar ta kasa kallon idona. Har yau in na tuna, yarinyar nake fi tausayawa, da aka sa ta yi wa uwar ƙawarta ƙarya.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce talauci ne ya matse ta, don shekarar ta matse kowa. Sai ta shiga gaba ta kai ni bakin mutane. Wai ba ni da haƙuri, wai son kuɗi ya rufe mini ido, wai so nake in tona mata asiri. Na shiga taron Zumunta na ga hira ta mutu da shigata. Matan da muke ci a kwano ɗaya suka koma gaishe ni daga nesa. Kuɗina aka ci, kuma ni ce mai laifi. Wannan ya fi naira 180,000 ɗin ciwo nesa ba kusa ba.

Ranar Lahadin godiya ba zan manta da ita ba har in mutu. Mudu biyu na masara na ƙulla a leda, shi ne baikona. Aka kira layinmu, aka buga tulu da ganga, sai na hango ta a gaba cikin sabuwar atamfa, ɗankwali ya zauna, tana rawa tana ɗaga ambulan sama. Jikina ya ɗauki rawa. Na tura ledata ƙarƙashin benci da ƙafa, na fita ta ƙofar baya, na tsuguna a gindin mangwaro na yi kukan da ban yi a gona ba. Na faɗa wa Allah maganganu masu zafi a ranar. Na ce, ashe haka kake saka wa mai aminci? Na ce ba zan ƙara taka majami'ar nan ba.

Wata tsohuwa gwauruwa ce ta biyo ni. Ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta ce in yi shiru ba. Ta shimfiɗa gefen zanenta ta zauna, har na gaji don kaina. Sannan ta ce, "Tashi 'yata, je ki ɗauko ledarki. Ba don ita kika kawo ba." Ta riƙe hannuna muka koma, an riga an gama rawa, na ajiye masarata a gaba ba kiɗa ba waƙa. Da za mu rabu ta ce in je gida in karanta Zabura 55. Ƙanwata, ki buɗe yau, ki duba aya 12 zuwa 14. Dauda ne yake cewa da maƙiyi ne ya zage shi da ya jure, amma abokinsa ne, wanda suke tafiya Haikali tare cikin taro. Na karanta na ce ashe an san da irin ciwona, har an rubuta shi.

To ga amsar tambayarki. Ba zunubi ba ne. Babu ayar da ta umarce mu mu kwana a majami'a ranar 31 ga Disamba, al'ada ce mai kyau ta ikkilisiya, kada kowa ya ɗora miki laifi a kanta. Amma ni roƙonki nake, ki je. Na san abin da ɗaki yake yi wa mai baƙin ciki da tsakar dare, kina jin ihun mutane daga nesa ke kuma kina juyi da tunani. Ki je da shekararki yadda take. Ba dole ki fita ba da shaida ba, ba dole ki yi rawa ba, ba dole ki yi murmushin da ba ya cikinki ba. Ki samu bencin baya ki zauna. Zabura 13 sau huɗu tana tambayar Ubangiji "har yaushe", kuma tana cikin Littafi Mai Tsarki. Zabura 88 ma da duhu ta ƙare, ba a cire ta ba. Ayar nan da muke so a Makoki 3, cewa jinƙansa sabo ne kowace safiya, sai da marubucin ya kwashe aya 20 yana kuka kafin ya iso gare ta, yana zaune cikin kangon Urushalima. Mu ne muke tsallake kukan mu ɗauki ayar.

Kuma kada ki yarda a rufe miki baki da cewa wasu sun fi ki wahala. A daren 31 ga Disambar 2023 mako guda kenan da kashe-kashen Bokkos da Barkin Ladi na jajibirin Kirsimeti, mun tsaya mun yi musu addu'a, na yi kuka dominsu da gaske. Amma nasu bai share nawa ba. Ubangiji yana da wurin duka biyun.

Abin da ya taimake ni, tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara na ɗauki tsohon littafin rubutun ɗana na zauna da biro. Na bi watanni ɗaya bayan ɗaya, daga Janairu. A gefe ɗaya abin da na rasa, a ɗaya gefen abin da aka ba ni. Gefen rashi ya cika nan da nan. Ɗayan na daɗe ina kallonsa babu komai. Can na tuna zazzaɓin da ya kama autana a Afrilu har idonsa ya juye, ya tashi. Na tuna maƙwabciyata Musulma da ta aiko mini da wake da manja ba tare da na roƙa ba, ta ce kada in maido kwanon da komai. Na tuna tsohuwar nan. Guda bakwai na samu, ba su kai rabin na rashi ba, ban kuma ƙara ko ɗaya na ƙarya ba. Su na kai gaban Ubangiji a daren. Wannan ne na fahimta da roƙon Musa a Zabura 90:12, cewa a koya mana ƙidaya kwanakinmu. Ƙidaya ce ta gaskiya, da mai daɗin da marar daɗin.

Maganar bashi, don Allah ki saurare ni. Ki rubuta kowa da abin da yake binku. Kafin shekara ta ƙare ki je wurinsu da ƙafarki, kada ki jira su zo. Ki ce ga abin da zan iya kowane wata, ko kaɗan ne. Na yi haka da mai takin da yake bina, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, amma mutumin ya ce tunda na zo da kaina ya ɗaga mini. Kada ki ci wani bashin don kayan Kirsimeti. Yarana tsofaffin kayansu na wanke na goge, babbar ta yi fushi kwana biyu, ta huce. Janairu ba ya jira, kuɗin makaranta na nan tafe. In kuma za ki sake shiga adashi, a rubuta komai, a sa shaidu biyu, ko da uwar adashin matar wane ce. Ni ma da laifina, na ga alamu tun a kwasar Satumba da aka jinkirta wa wata, na yi shiru don kada a ce na cika zargi.

Ki kuma yi hankali da masu raba ambulan a ƙarshen shekara, wai ki shuka iri mai nauyi don ƙofar shekara ta buɗe. Na san wadda ta kai kuɗin jarinta. Yakubu 4:15 ya koya mana mu ce in Ubangiji ya yarda za mu rayu mu yi kaza da kaza, bai ce mu sayi shekarar ba. Ni misalin da na riƙe shi ne na itacen ɓaure a Luka 13. Shekara uku ba 'ya'ya, mai gonar ya ce a sare. Mai kula da ita ya ce a bar ta bana ma, zai yi mata kaftu ya zuba taki. Ni manomiya ce, na san taki ba ƙamshi yake ba, kaftu kuma ba ya yi wa saiwa daɗi. Abin da na roƙa a daren kenan: a bar ni shekara ɗaya kuma, a yi mini aiki.

Maigidanki fa, ki lura da shi. Namiji in aiki ya kuɓuce masa ba ya kuka, shiru yake yi ko ya koma faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Nawa maigidan wata biyu ya yi ba ya cin abinci sosai bayan cittar, ni ina can ina fama da maganar adashi ban ma lura ba, sai da ƙanwarsa ta ce yayana ya rame. Ku zauna ku biyu ku yi lissafin nan tare, ku yi addu'a ko ta minti biyar ce.

Sai gafara. Ba zan ce miki ki yafe kafin ƙarfe 12 ta buga ba, don ni ban iya ba. Wata uku na yi ina ƙin ɗaukar Jibin Ubangiji saboda na san abin da ke zuciyata. Na bi Matiyu 18, na same ta ni kaɗai, na koma da mutum biyu, daga ƙarshe na kai wa dattawa. Ta amsa a gabansu cewa ta juya kuɗin ne a kasuwanci ya nutse. Ta biya kusan rabi, sauran har yau shiru. Haƙuri kuwa ba ta taɓa buɗe baki ta ba ni ba, kuma maganganun da ta yaɗa a kaina ba ta janye ba. Abin da na iya yi a daren 31 shi ne na ce, Ubangiji, ban yafe ba tukuna, amma ina so in so. Romawa 12:19 ta ce ramako nasa ne, na ce to ga shi nan, ka karɓa, ya yi mini nauyi. Sau da yawa na sake ɗaukowa na sake mayarwa. Yanzu muna gaisawa. Wani lokacin in ta tsaya tana ba da waƙa har yanzu ina jin abu ya tokare mini ƙirji, sai in sunkuyar da kai in yi addu'a har ya wuce. Kuɗi dai ba zai ƙara haɗa mu ba.

Ban san wace ce ta cuce ki ba, ba na kuma so ki faɗi sunanta a nan. Ki same ni ta gefe mu yi magana, ki gaya mini irin aikin da maigidan yake yi, ko akwai wanda zan iya haɗa shi da shi. Ranar 31 zan riga ki zuwa, zan riƙe miki wuri a bencin baya kusa da taga. Ki zo da rigar sanyi da zanen rufe yara, hunturun bana da ƙarfi ya shigo.