Ƙafafun kajina sun yi fari suna ɓamɓarewa, makero ne?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Daga nan Damagaram nake, unguwar Garin Malam. Ina da kajin gida guda 14, tun da damina ta yi nisa na ga ƙafafun wasu sun yi fari fari, fatar tana tashi tana ɓamɓarewa, ɗaya ma har ɗingishi take. Maƙwabciyata ta ce makero ne irin na yara in shafa musu baƙin mai, ni kuma na zuba musu kafso a ruwan sha kwana biyar ban ga canji ba. Dan Allah mene ne maganinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara albarka a kiwon. Kafin komai dan Allah kar ki shafa baƙin man nan, haka kananzir ko girezil, ƙona fatar suke yi, kuma kaza tana tsattsagar ƙafarta da baki ta haɗiye dafin, ke kuma gobe ƙwanta za ki soya wa yara. Kafson ma ki tsayar da shi, irin ja da rawayan nan na ƙwayoyin bakteriya ne, ba ruwansa da makero ko kaɗan, asarar kuɗi ce kawai.

Toh maƙwabciyarki ba ta yi nisa da gaskiya ba, kaji suna yin makero. Wata irin funfuna ce mai cin saman fata, a likitance Microsporum gallinae, ciwon kuma favus ake ce masa. Amma fa shi wannan daga zanko yake farawa da fuska, ki ga farin abu kamar an barbaɗa mata garin gero, in an bar shi ya gangara wuya gashi ya zube. Ya tsaya a ƙafa kaɗai kai lafiya lau, ba kasafai ba. Shi ya sa in aka kawo mini kaza aka ce makero a ƙafa, kanta nake fara dubawa kafin ƙafar, ke ma abin da nake so ki yi kenan. Gobe da sassafe kafin ki sake su ki kama su ɗai ɗai ki fito da su haske.

In zanko ja ne garau amma ɓawon nan na ƙwauri da bayan yatsu ya ɗaɗɗago, ya yi kauri ya yi kaushi, kin sa farce kin ji wani farin gari ya taru a ƙarƙashinsa ya daskare, to wannan ba makero ba ne, ƙazuwar ƙafa ce, kuma gaskiya daga bayanin da kika yi ita na fi zato, ita ce ta fi yawa a kajin gida nesa ba kusa ba. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne da ido ba ya gani, Knemidocoptes mutans, yana haƙa rami ƙarƙashin ɓawon ya zauna ya yi ta haihuwa, cikin kwana 10 zuwa 14 ƴaƴansa sun girma su ma sun kama haihuwa, farin garin nan da kike gani kashinsu ne da matacciyar fata. A wurin kwana yake bi daga wannan kaza zuwa waccan tunda a matse suke kwana, kuma tsofaffin kaji sun fi nuna shi. Idan aka yi sakaci ya daɗe har yatsa yana iya mutuwa ya gutsure.

Maganinsa ba tsada, haƙuri yake so. Ki samu ruwa mai ɗumi wanda hannunki zai iya zama ciki ki sa sabulu kaɗan, ki tsoma ƙafafun minti 10 zuwa 15 har ɓawon ya yi laushi, ki goga a hankali da tsohon buroshin goge haƙori, abin da ya fita ya fita wanda ya ƙi ki bar shi, kar ki ɓamɓare da ƙarfi jini ya fito ki buɗe wa wani ciwon ƙofa. Ki tsane da tsumma sosai sannan ki laɓta basilin, ki shafa daga yatsu ki yi sama don man ya shiga ƙarƙashin ɓawon ya toshe musu numfashi, in babu basilin man kaɗanya ya yi. Da magariba ya fi, in sun shiga kwana, ba za su fita yashi ya manne ba. Duk bayan kwana 2 ko 3 ki sake, har sati 4, kuma duka 14 ɗin za ki shafa wa ba masu alamar kaɗai ba. Wurin da mutane ke karaya shi ne su ga sati biyu ƙafa ba ta koma sumul ba su ce magani bai yi ba, alhali ƙwaron ya mutu, tsohon ɓawon ne sai ya zube sabo ya fito, wannan kuwa watanni yake ɗauka. In ya yi tsanani akwai wani maganin kashe ƙwaron da ake ce wa ivermectin, amma likitan dabbobi ne zai auna miki gwargwadon nauyin kazar ya kuma gaya miki kwana nawa za a daina cin ƙwai da naman, kar ki karɓi awon da mai tebur zai yi miki da ka.

In kuwa kin ga farin nan a zanko da gefen ido, ko tsakanin yatsu ya jiƙe ya yi fari ya tsattsage, to a nan ne za mu bi ta hanyar funfuna. Ki ware su. Ki wanke wurin da Betadine, maganin nan na wanke ciwo, da aka sirka da ruwa, ya bushe, sai ki shafa man miconazole ko clotrimazole, irin na mutane da ake samu a farmasi, siriri safe da yamma, sati 2 zuwa 4, ko wurin ya warke ki ƙara sati ɗaya a kai don funfuna tana laɓewa ta dawo. Ki kiyaye ido da baki. Ki karanta kwalin ko ki tambayi mai farmasin, in an haɗa shi da betamethasone ki ajiye, wannan yana kwantar da ja ne ya bar funfunar tana yaɗuwa. Kuma makeron kaji yana iya kama mutum ko da yake ba sosai ba, ki sa leda a hannu, ki wanke da sabulu bayan kin gama, yara su daina ɗaukar marasa lafiyar.

Mai ɗingishin nan ita ce ta fi damuna. Ki juya tafin ƙafarta, in kin ga kumburi mai zafi da baƙin ɓawo a tsakiya to ƙurji ne, ƙaya ko kwalba ko waya ta soke ta bakteriya suka shiga, kuma mugunyar kaza daskararriya ce ba ta fita da matsi. Jiƙawa a ruwan ɗumi da gishiri da Betadine da ɗauri mai tsabta suna taimakawa in sabo ne, in ya girma ki kai ta ma'aikatar kiwo a tsaga a cire, ba aikin reza a gida ba ne.

Duk waɗannan kuma komawa za su yi muddin ƙasan akurkin a jiƙe yake. Kin san gidajenmu, daga Yuli zuwa Satumba tsakar gida danshi, ga ruwan wanke-wanke yana bi ta rariya kaji suna yini a ciki suna tono, su koma su kwana kan kashinsu, fatar ƙafa ta jiƙa ta tsage komai ya samu hanyar shiga. Ki kwashe ƙasan akurkin gaba ɗaya ki fitar, ki wanke da ruwan jabel, kashi ɗaya cikin goma na ruwa, rana ta buge shi ya bushe ƙarau kafin ki zuba sabon yashi. Ki ɗaura musu sanda mai santsi su riƙa hawa su kwana, ita ma ki goge ta da mai. Kwanon ruwan shan ki fitar da shi waje ki ɗora kan bulo, ki ajiye musu yashi da toka a inuwa su yi birgima, ki riƙa jefa musu ganyen zogale don tsabar gero da dusa kaɗai ba sa gina fata. Sabuwar kaza kuma in kin sayo a kasuwa ki duba ƙwaurinta da zankonta tun a hannun mai sayarwa, ki kulle ta daban sati biyu kafin ta shiga cikin sauran.

In kin duba su goben ki turo mini hoton ƙafar ta sama da ta ƙasa da na zankon, musamman na mai ɗingishin, sai in gaya miki wanda za ki bi. Allah ya ba su lafiya.