Filin Tambaya: Gwajin kafin aure, taimako ne ko tonon silili?

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Ni dai wani abu ne ya tsaya min a rai. Ƙawata an sa mata rana har an kawo lefe, sai aka ce su je gwaji saboda dokar nan, suka je wani lab a unguwa, toh wlh kafin ma ta karɓi takardarta labari ya riga ya isa gidan su angon wai tana da ciwon hanta, yanzu maganar auren ta watse, duk layinsu an sani, ko biki ta daina zuwa. Dan Allah Anti wannan doka taimako ce ko tonon asiri?
Ƙanwarki daga Ɗorayi

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Allah sarki, Allah ya musanya mata da mafi alheri.

Dokar da kike magana a 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa mata hannu, ta ce kafin a ɗaura aure a Kano sai an yi gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da kuma jinotaif, wato gwajin jinin da ke nuna ko mutum yana ɗauke da sikila. Ni dai gaskiya ina bayanta, saboda duk wanda ya taɓa kwana a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano da yaro mai sikila yana murƙususu ana neman jini cikin dare ba sai an yi masa dogon bayani ba. In AS ya auri AS, wato masu ɗauke da sikilar amma ba ta bayyana a jikinsu ba, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin 4 a haifi SS, wato mai sikila, kuma ki lura kowane ciki na ce, ba wai in kin haifi huɗu ɗaya ne kawai zai fito da shi ba, ana iya jera uku. Ga shi Najeriya ce kan gaba a duniya wajen haihuwar masu sikila.

Amma fa ba a yabon doka tun tana kan takarda, sai an duba wa ta sauka a kansa. Kinga wanda yake da hali zai shiga asibitin kuɗi ya ga likita a ɗaki su biyu, a yi masa bayani a natse ya fito ba wanda ya ji, shi kuwa talaka da tun cire tallafin mai a 2023 kuɗin adaidaita ma ya zame masa aiki, lab ɗin bakin layi mai araha zai nufa, inda mai ɗiban jinin ƙila maƙocin kawun ango ne. Doka ɗaya, amma wani ta rufa masa asiri wani ta tsiraita shi. Kuma mu faɗi gaskiya mace ta fi shan wuya, namiji in an fasa da shi bayan wata biyu za ki ji yana neman wata a Kurna, ita kuwa sunan ya bi ta kenan.

Abin da aka yi wa ƙawarki laifi ne, ba wai rashin kyautawa kawai ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce bayanin lafiyar mutum sirri ne, sashe na 37 na kundin tsarin mulki ma ya kare sirrin ɗan ƙasa, ita kanta dokar ta Kano ta hana tsangwamar masu waɗannan cututtuka. Matsalar ita ce gwajin kowa ya san dole ne, amma ɓangaren riƙe amana ba wanda yake wa'azinsa. Kuma mu Kanawa mun san abin da rashin yarda yake jawowa, ki tuna 2003 da aka dakatar da rigakafin shan inna har sai 2004, bayan abin da ya faru na gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996 mutane sun riga sun tsorata. In 'yan mata suka ga gwaji ya zama hanyar tozarci, takardar bogi za a koma saye, shikenan an yi ba a yi ba.

Wani abin haushin ma, ciwon hanta nau'in B ba lallai ya hana aure ba. Yana da rigakafi, allura 3 ce, a gwada mijin a yi masa, jariri kuma a yi masa tasa cikin awa 24 da haihuwa. Da yawa tun suna jarirai suka samu, ba ruwansa da iskanci kamar yadda gulmar unguwa take fassarawa, kuma ba a ɗauka ta cin abinci kwano ɗaya. Da an zaunar da su biyun an faɗa musu haka ƙila da yanzu ana shirin kamu.

Ki ce mata ta je babban asibiti a sake gwajin a duba lafiyar hantar, don abin tsinken nan na lab ba shi ne ƙarshen magana ba. In tana da ƙarfin zuciya kuma iyayenta sun amince, ta kai ƙorafi ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke nan Kano, ta riƙe rasit ɗinta. Ke kuma in naki ya zo, dan Allah ku yi gwajin tun ana zance a zaure kafin manya su shigo, kar a jira sai akwatuna sun iso gida.