Amsa ga 'yar'uwar da ɗanta ya bugu a ka

'Yar'uwa, sannu, Allah ya ba yaron lafiya. Kin ce ya faɗo daga babur, hoto ya nuna ƙoƙon kansa ya tsage, wani ruwa garai-garai yana ɗigo masa ta hanci, yanzu kuma ga zazzaɓi, kina tambaya ko ki saya masa kafson amoxicillin. Don girman Allah kada ki saya. Ki mayar da shi asibiti yau ɗin nan.

Abin da ya sami maigidana ke nan. Ruwan nan ba majina ba ce, ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ne, kuma ta inda yake fita ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga su jawo sanƙarau. Ma'aikacin da muka fara gani ko ɗago kai bai yi ba, ya ce mura ce. Na ce masa mutumin nan fa ya ce ruwan gishiri-gishiri yake ji a maƙogwaro, sai ya ce ko ni ce likitan. Ya rubuta ƙwayoyi ya sallame mu. Cikin dare wuya ya sanƙare, ga amai, ba ya son ganin haske, yana kallona yana kiran sunan mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa. Wallahi har yau in na tuna fuskar ma'aikacin nan sai raina ya ɓaci. Na yafe, amma ban manta ba.

A babban asibiti aka ɗebi ruwa ta gadon bayansa, aka gano ƙwayar Streptococcus pneumoniae, wadda ita ce ta fi kama masu irin wannan tsagewar. Kada ki ji tsoron allurar bayan nan, dangi za su yi ta hana ki, ki toshe kunne. Tun kafin sakamako ya fito aka fara ba shi magungunan ceftriaxone da vancomycin ta jijiya, domin maganin haɗiya ba ya isa ƙwaƙwalwa yadda ake buƙata. Ana yin kwana 10 zuwa 14 ana ba da shi, ko zazzaɓi ya sauka ba a tsayawa. Ki riƙa tambaya ko an duba ƙodar yaron, vancomycin yana iya taɓa ta.

Kada ya fyace hanci, kada a tura masa auduga, ya kwanta da kai a ɗage. Yawanci ɗigon yana tsayawa cikin mako guda, in ya ƙi sai an yi aiki an toshe. Ke ma ki samu mai karɓarki jinya, ni sai da na faɗi a bakin gado.

Ki tambayi likita maganar rigakafin ƙwayar cutar nan. Kuma kafin a sallame ku ki matsa a gwada jinsa, maigidana har yanzu kunnensa na hagu ba ya ji sosai.