Mun tara kuɗi a ƙasar waje don kai fasaha garinmu, ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ma'aikacin jinya ne a Amurka, kuma sakataren ƙungiyar 'yan garinmu mazauna ƙasashen waje. Akwai likitoci a cikinmu, akwai masu harkar kwamfuta da direbobi, wasu a Ingila, wasu a Saudiyya. Mun yi karo-karo mun tara kuɗi masu kauri. Yanzu wani kamfani ya ce zai ba mu tsofaffin kwamfutocinsa kyauta, mu cika kwantena mu kai makarantun garinmu. Wani matashi a gida kuma ya ce a ba shi kuɗin ya haɗa mana manhajar da za ta taimaki manoma. Rigima ta kaure a zaurenmu na WhatsApp. Wallahi barci ya ƙaurace mini, kada gumin mutane ya salwanta a hannuna, zumunci kuma ya lalace.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya saka muku da alheri. Rashin barcinka yana kan hanya, kuma shawarata ta farko ita ce kada ku sa hannu a kan ko ɗaya daga cikin biyun tukuna.

Bari in fara da kwantenar, don ita ce cutar da nake karo da ita kullum. 'Yan'uwanmu na waje sun ɗauka abin da ya hana gida ci gaba rashin na'ura ne, da zarar na'ura ta sauka shi ke nan. Na shiga ɗakunan kwamfuta na makarantu da dama da aka cika da irin wannan kyauta. Sai an aika yaro ya nemo makulli a gidan firinsifal. A buɗe ƙofa, ka tarar an lulluɓe komai da tsohon labule, ƙurar hunturu ta yi kauri har kana iya rubuta sunanka a kan tebur, zanzaro ya yi gini a bayan na'ura, ɓera ya gama da wayoyi. Allon da ke ɗauke da sunan masu kyautar kuwa yana nan fes a bango. Ka tambayi yaushe aka kunna su, a ce ranar da aka yanke ƙyalle. Ba mugunta ba ce, kuma ba lalaci ba ne. An ba mutum kyautar doki ne alhali ba shi da harawa.

Kai ma yi lissafin. Tsohuwar kwamfutar tebur da allonta tana iya jan wat 100 zuwa 150. Jera 40 a ɗaki guda, ga fanka, ka ga kana maganar wutar da makarantar gwamnati ba ta taɓa gani ba. Wa zai sayi man janareta? Wa zai canza batir idan ya mutu bayan 'yan shekaru? Sannan wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Tsofaffin na'urorin da yawa suna da wani ɗan jan maɓalli a baya da dole a juya shi kafin a jona, in aka manta sai ka ji tas, hayaƙi ya tashi. Kuma ka tambayi kanka me ya sa kamfanin ya zama mai kyauta yanzu. Microsoft ta daina kula da Windows 10 a watan Oktoban 2025, kamfanoni suna ta neman inda za su sauke na'urorin da ba za su ɗauki sabon tsari ba. Zubar da irin wannan shara a can kuɗi ake biya. Ku za ku biya kuɗin jirgi ku kwashe musu ita, har ku rubuta musu takardar godiya.

Kada ka ce ai namu zai bambanta. Waɗanda suka fi ku kuɗi sun gwada. Shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wanda Nicholas Negroponte ya ƙaddamar a 2005, an gwada shi a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja, da sabbin na'urori da aka ƙera musamman don yara. Ƙasar Peru ta sayi dubban ɗaruruwa. Da masu bincike na bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka suka auna sakamakon a 2012, ba su ga makin yara ya ƙaru a lissafi ko harshe ba. Sabbi ke nan, da gwamnati a bayansu. Ina ga gwanjo? Likitocinku ma su ji, don haka abin yake a asibiti. Na'urorin kyauta da ke jibge babu kayan gyara, babu wanda ya iya aiki da su, sun yi yawan da har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a kan yadda ake ba da irin wannan gudummawa.

Ban ma taɓo tashar jirgin ruwa ba. Kalmar "kyauta" ba ta fitar da kwantena. Akwai Form M, wato takardar neman izinin shigo da kaya, akwai takardar yafe haraji da ake nema daga Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya tun kafin kaya su taso, akwai dokokin hukumar kare muhalli ta NESREA a kan shigo da tsofaffin kayan lantarki. Takarda ɗaya ta maƙale a teburin wani, kuɗin ajiya yana hawa kowace rana. A nan ne wani zai ɓullo ya ce ya san wani babba, a turo kaza a gama yau. Ku turo, ya ce oga ya yi tafiya. Na ga ƙungiyar da kuɗin fito da kayanta ya zarce kuɗin sayen sabbi a Legas.

Maganar matashin mai manhaja ba ta da tsawo. Mai yiwuwa yaron kirki ne. Ku tambaye shi manoma nawa ya zauna da su, wace irin waya ke aljihunsu, wa zai riƙa biyan kuɗin ajiye manhajar a intanet duk wata, kuma mallakin wa za ta zama in ya samu aiki ya tafi. M-Pesa da ta fara a Kenya a 2007 ta karɓu ne domin tana aiki a ƙaramar waya mai maɓalli, kuma ta magance abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya, wato aika kuɗi ƙauye. In ya amsa da kyau, ku ba shi kaɗan ya gwada da manoma 50 na damina guda. In kuwa wani ya ce ku kawo kuɗin a juya muku su ninka kafin a fara aiki, ku tuna masa damfarar ninka kuɗi ta MMM a 2016 da ta CBEX a 2025, ku rufe zancen.

To me za ku yi? Kuɗin da 'yan Najeriya mazauna waje ke aikowa gida ya kai wajen dala biliyan 20 a shekara, galibi abinci da makaranta da asibiti ke cinye shi. Karo-karonku ɗigo ne a cikin wannan. Abin da kuke da shi wanda ba a sayarwa a kasuwa shi ne abin da ke kanku. Likitanku da zai zauna awa ɗaya duk mako ta bidiyo da ma'aikatan asibitin garinku suna duba matsalolin da suka gagare su, ya fi na'urar da babu mai kunna ta. Mai harkar kwamfutarku da zai riƙe matasa 5 har su ƙware, sannan ya samo musu aikin da ake biya daga nesa, ya yi abin da kwantena ba za ta yi ba. Duba shirin gidauniyar Carnegie ta Amurka da tun 2013 yake turo malaman jami'a 'yan Afirka mazauna Amurka da Kanada zuwa jami'o'in Najeriya da Ghana da Kenya da wasu ƙasashe: jami'ar gida ce ke faɗin abin da take buƙata, sannan a nemo mata mutum. Ku ma ku bi ta nan. Ku tambayi firinsifal da shugaban asibiti da sarkin noma, ku yi shiru ku saurara, ko da amsar ta zama rijiyar burtsatse mai sola.

In an tsaya a kan ɗakin kwamfuta, albashin mutum ɗaya mai koyarwa da gyara na shekara 3 shi ne farkon abin da za ku ware. Sai sola da batir, sai kuɗin intanet na wata-wata. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ta shigo Najeriya tun Janairun 2023, saboda haka nisa daga birni ya daina zama uzuri, amma kuɗinta ba ya yafuwa. Abin da ya rage ku sayi kwamfutocin tafi-da-gidanka 10 ko 15 a Kano ko Ikeja, wurin ɗan kasuwar da za a iya mayar masa da kaya in sun ba da matsala. Ku sa jama'ar gari da ƙaramar hukuma su ɗauki wani kaso a rubuce. 'Yan Meziko mazauna Amurka sun yi shekaru suna haka a shirin da ya samo asali daga jihar Zacatecas, inda matakan gwamnati uku suka riƙa ɗora nasu a kan duk dalar da ƙungiya ta kawo.

Kai kuma, Malam Sakatare, ka ji tsoron Allah ka ji tausayin kanka: kuɗin nan kada ya kwana a asusunka, kada ya shiga asusun ƙanin kowa. A cikinsa akwai na direban da ya kwana a titi da na matar da ta yi aikin dare tana ɗaga tsofaffi, kuma za a tambaye ka. Ku yi wa ƙungiya rijista a hukumar rijistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta CAC da kwamitin amintattu, ku buɗe asusu mai sa hannun mutum 3, ku riƙa sakin kuɗi kashi-kashi bayan an ga aiki da rasit, kuna liƙa lissafin a zauren kowane wata. Kamfanin kuma ku rubuta masa cewa kun gode, in da gaske yake ya sayar da na'urorin a can ya ba ku kuɗin.