Wa Ya Kamata A Gayyata Zaman Burtali?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren ƙungiyar matasan garinmu a ƙasar Haɗeja. Muna son shirya ɗan zama kafin kaka a kan burtalin da gonaki suka cinye, amma sunayen da aka kawo sun haura talatin. Yaya za mu tace su?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, idan mutum talatin suka zauna, jawabai za a yi a watse. In kuna son kowa ya faɗi nasa kuma a ba shi amsa, kada ku wuce goma.

Ku fara da waɗanda abin ya shafa kai tsaye, wato manomi biyu masu gona a bakin burtalin da makiyayi biyu da suke bi da shanu ta nan. Arɗo da sarkin noma suna da muhimmanci, amma yaron da yake riƙe da sanda shi ya san inda hanya ta tsuke. Ku nemi dattijon da ya san iyakokin wurin tun dā, domin dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ce, kuma shaidar yawancin iyakokin tana bakin tsofaffi. Limami ɗaya ya isa, muddin ɓangarorin biyu sun yarda da shi.

Abin da masu shirya zama suka fi mantawa da shi shi ne kunya. Saurayi ba zai musa wa mahaifinsa ko surukinsa a bainar jama'a ba, haka ma wanda yake noma gonar aro ba zai buɗe baki a gaban mai gonar ba, saboda haka ku duba dangantakar da ke tsakanin sunayen kafin ku aika goron gayyata. Matan da suke tallar nono suna jin maganar rugage da ta gari, amma da wuya su saki jiki cikin maza. Ku ware musu nasu zaman, mace ta jagoranta.

A ganina kada hakimi ko ɗan siyasa ya halarci zaman farko, domin da zarar babba ya yi magana, sauran sai "ranka ya daɗe". Ku sanar da dagaci tun da wuri, ku nemi izininsa, sannan ku kai masa abin da aka cimma a rubuce.