Jirgin da ya ɗauko shinkafarmu yana ina?

Tambaya: Mun haɗa kuɗi mu huɗu a Maraɗi muka sayi kaso a cikin shinkafar da wani ƙaramin jirgin ruwa ya ɗauko daga Indiya zuwa Lome. Dillali ya turo mana sunan jirgin da hoton taswira. Yanzu kwana biyu jirgin bai motsa ba a MarineTraffic, manhajar da ke nuna inda jiragen ruwa suke. Shin mu biya kuɗin rajista don mu riƙa ganinsa kullum?

Amsa: Alhaji, kada ka yi gaggawar biya. Kowane jirgin kaya irin wannan mai zirga-zirga tsakanin ƙasashe yana da na'urar AIS, mai watsa sunansa da wurinsa da saurinsa ta rediyo. Tashoshin da ke gaɓar teku su ke kama saƙon, kuma ba sa jin jirgin da ya yi nisa cikin ruwa. Daga tashar Kakinada ta Indiya zuwa Lome, in aka zagayo ta ƙasan Afirka ta Kudu, tafiyar kusan wata guda ce, yawancinta a tsakiyar teku. Abin da kake gani a manhajar kyauta shi ne wurin da aka ji shi na ƙarshe. Masu biya su ke samun bayanin tauraron ɗan'adam. Ga mai kaso ɗaya a jirgi ɗaya, ban ga amfanin wannan kuɗin ba. Jirgin zai sake bayyana da ya kusanto gaɓa.

Abin da ya fi damuna shi ne suna kawai aka ba ku. Ana sauya wa jirgi suna da tuta in an sayar da shi, kuma jirage biyu na iya yin suna ɗaya. Ku nemi lambar IMO, wato lambar shaidar jirgi mai alƙaluma 7, wadda ba ta canzawa har a farfasa jirgin. Ku sa ta a Equasis, shafi ne na kyauta, za ku ga shekarar da aka ƙera shi, kamfanin da ke tafiyar da shi, da ko an taɓa tsare shi a wata tasha saboda wata matsala a jikinsa.

Ku duba nauyin da yake iya ɗauka. Irin waɗannan jirage da ake kira handysize kan ɗauki tan 10,000 zuwa 40,000, da ƙugiyoyin sauke kaya a jikinsu. In dillali ya ce tan 50,000 ne a jirgin da bai wuce 28,000 ba, ai magana ta ƙare. Kalmar “Lome” da manhajar ke nunawa a matsayin inda jirgi ya nufa kuwa, ma'aikacin jirgi ne ke rubuta ta da hannu, kada ku dogara da ita.

Sannan ganin jirgi a taswira ba shaida ba ce cewa shinkafarku na cikinsa. Kowa na iya ɗauko hoton jirgin da ba nasa ba. Kafin ku cika sauran kuɗi, a nuna muku takardar lodin kaya mai sunan jirgin da tashar lodi da adadin tan, ku sa wakilinku na Lome ya tabbatar da ita wurin ejan ɗin jirgin.