Fatawa: Hukuma ta ba kamfani izinin fasa dutse kusa da garinmu, shin ya halatta mu ƙi?

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina rubuto maka daga wani ƙauye na ƙasar Mirriya, jihar Damagaram. Shekara biyu ke nan wani kamfani ya zo da takardar hukuma, ya kafa injinansa a gindin dutsen da ke yamma da garinmu. Da nakiya suke fasa shi, su niƙa tsakuwa, kamiyoyi su kwashe zuwa aikin hanya da gine-gine a Zinder. Tun daga lokacin bangon gidaje da yawa ya tsage, har da na masallacinmu. Rijiya biyu gare mu, ɗaya ta rufta. Ƙura tana kwanciya a kan gero da wake, yara da tsofaffi ba su rabuwa da tari, kamiyoyin kuma sun raba burtalin dabbobi biyu.

Yanzu gari ya kasu uku. Wasu sun ce mu haɗu mu kai ƙara a tashi kamfanin. Wasu, musamman waɗanda ƴaƴansu ke aiki can, sun ce ma'adinai na hukuma ne, wanda ya ja da izininta ya saɓa wa shugaba, kuma fitina yake nema. Samari kuwa sun ce a bar su su tare hanya su banka wa injin wuta. Malam, mene ne hukunci?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, ya halatta ku ƙi yarda, ku kai kuka, ku nemi a kawar muku da cutar, a kuma biya abin da aka ɓata. A kan maigari da dattawanku ma abin ya wuce halasci, ya zama wajibi, domin amanar raunana tana wuyansu. Ƙona inji da taɓa ma'aikaci kuwa haramun ne. Wannan fatawa ce bisa abin da ka siffanta. Jin ta bakin ɓangare biyu aikin alƙali ne.

Masu cewa ma'adinai na hukuma ne ba su yi ƙarya ba, kada ku raina maganarsu. A mazhabar Imamu Malik al'amarin ma'adini yana hannun shugaba, Shaihu Halil ma ya faɗa a Muhtasar cewa haka ne ko da a cikin gonar wani sananne aka same shi. Ya zo a Muwaɗɗa cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya yanka wa Bilal ɗan Haris al-Muzani ma'adinan Ƙabaliyya. Dokar Nijar ita ma a nan ta tsaya: abin da ke ƙarƙashin ƙasa na al'umma ne, gwamnati ke ba da izinin haƙarsa. Saboda haka ba ku da hujjar cewa dutse namu ne, ba mai taɓa shi.

Amma su ƙarasa karatun. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Abyad ɗan Hammal ya roƙi Annabi ya ba shi gishirin Ma'arib, ya ba shi. Da ya juya, wani a majalisin ya ce, ya Manzon Allah, ka san abin da ka ba shi? Abu ne kamar ruwan da ba ya ƙafewa. Sai Annabi ya karɓe kyautar. Duba abu biyu a nan. Izinin da ya fito daga bakin mafi girman shugaba an janye shi da aka gane zai taɓa haƙƙin jama'a. Sannan wanda ya yi maganar ba a ce masa ɗan tawaye ba, maganarsa aka ɗauka. Malamai sun kafa ƙa'ida cewa duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawa yana rataye ne da maslaharsu. Wanda ya je ya gaya wa perefe cewa takardar da aka sa wa hannu tana rushe gidaje, nasiha ya yi, kuma addini nasiha ne, har ga shugabannin Musulmi.

Takardar da ke hannun kamfanin dutse ta ba shi. Ba ta ba shi bangon ɗakinka ba, ba ta ba shi rijiyarku ba, ba ta ba shi huhun ɗanka ba. Hadisin "la darara wa la dirar", ba cuta ba cutarwa, yana cikin Muwaɗɗa, kuma duk almajirin da ya sauke Risala ya karanta yadda Ibn Abi Zaid ya fassara shi: mutum ba zai yi abin da zai cutar da maƙwabcinsa ba, ya kawo misalin buɗe taga mai leƙa gida, da buɗe ƙofa daura da ƙofa, da haƙa ramin da zai cuci maƙwabci ko da a cikin mulkinsa yake haƙar. To idan mai gida bai isa ya haƙa rami a tsakar gidansa ya zubar da katangar maƙwabci ba, ina ga wanda aron wuri aka ba shi?

Halil ya fi faɗaɗawa. Ya ce alƙali yana hana hayaƙi irin na gidan wanka, da wari irin na jima, da masussuka a gaban gida saboda ƙaiƙayi, da duk abin da ke cutar da bango. Mutumin Damagaram ba ya bukatar a fassara masa warin jima, ya san Majema, ya kuma san ba a kafa ta a tsakar gidan kowa. Jima sana'a ce ta halal, fatunmu sun ci kasuwa har hamada, amma halascinta bai ba majemi ikon zuba ruwan jima a ƙofar wani ba. Ƙaiƙayin gero ma, da iska ke kwashewa cikin yini ɗaya, an hana a turo maka shi, balle ƙurar dutse ta shekara da shekaru.

Akwai abin da zan faɗa wanda ba zai yi muku daɗi ba. A wannan wuri dai Halil ya ce ba a hana ƙarar sauti kaɗai, ya ba da misalin bugun tufa, irin na ƴan bugu. Masu sharhi sun ce sai fa idan ta yi tsanani ta kuma dawwama. Don haka kada ku gina ƙararku a kan cewa ana firgita mu, ana hana mu barcin rana. Ku gina ta a kan bango, da rijiya, da ƙura, da burtali, nan ne hujjarku ba ta da makawa.

Rijiyar ta fi komai nauyi a wurina. Annabi ya ce Musulmi abokan tarayya ne a abu uku: ruwa, da ciyawa, da wuta. Ƙasarmu zaune take a kan dutse, shi ya sa birnin Zinder da kansa sai an jawo masa ruwa daga Gogo da Machaya da Ganaram. Garin da ke da rijiya biyu ya rasa ɗaya, rabin rayuwarsa aka ɗauke, kuma mata da yara ne ke biya da ƙafafunsu. Burtali kuma idan ya toshe, shanu gona za su faɗa, daga nan sai rigimar manomi da makiyayi, wadda mun san inda take kaiwa.

Ƙurar ma ba ƙazanta ba ce kawai. Likitoci sun tabbatar cewa ƙurar irin wannan dutse, idan aka daɗe ana shaƙa, tana zama a huhu ta taurara shi, ba ta da magani, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ba a ganin ta da wuri. A 2010, a Zamfara, dalmar da ke cikin dutsen zinariya da ake dakawa a gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kafin mutane su gane daga ina ajalin yake shigowa. Dutsenku daban ne, cutar ma daban, na kawo shi ne don mai cewa ai ba wanda ya mutu tukuna.

Za a iya kawo muku hadisin Buhari da Muslim mai cewa rijiya da ma'adini "jubar" ne, wato ba diyya a abin da suka halaka. Malamai sun fassara shi da wanda ya haƙa a inda ya halatta, sai wani ya faɗa, ko ramin ya rufta wa ɗan ƙwadago ba da sakacin mai aikin ba. Malik da kansa ya ce wanda ya haƙa rijiya a hanyar Musulmi, inda ba shi da iko, shi ke da lamuni. Dutsen da nakiya ta cilla kan rufin mutum, da girgizar da ta tsaga bango, aikin hannun mai fasawa ne, kuma wanda ya ɓata shi ke biya.

Shin dole sai an tashi kamfanin? Ba lalle ba. Hanya tana da amfani, albashin samarinku ma yana da amfani, kuma shari'a tana kawar da cuta da mafi sauƙin abin da zai kawar da ita. Idan matsar da wurin fasawa nesa da gari, da rage ƙarfin nakiya, da sanar da lokacinta, da yayyafa ruwa a injin niƙa da hanyar kamiyo, da kauce wa burtali, da haƙa muku sabuwar rijiya, da gyara gidajen da suka tsage zai wadatar, ku karɓa, kada ku ce sai dai a tashi. Idan an gwada cutar ba ta gushe ba, ko an yi alkawari an saɓa, to rufe wurin ya zama wajibi a kan hukuma, domin tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani.

Kada ku yi jinkiri. A mazhabarmu akwai maganar cewa wanda aka ƙago masa cuta yana gani, ya yi shiru shekara goma ba uzuri, haƙƙinsa na ƙara ya faɗi. Wasu malamai sun cire cutar da ke ƙaruwa, taku kuma irinta ce, amma me zai sa ku jingina da saɓani alhali biyu kawai ta wuce? Ku ƙirga gidajen da suka tsage, a ɗauki hoto, a rubuta rana. Masu tari su je likita su riƙe takardunsu. Maigari ya kai wa sarkin kanto da ofishin magajin gari da perefe a rubuce, ku ajiye kwafi mai hatimi. Maganar gona da burtali ta hukumar filaye ce, wato COFO, da tsarin karkara na 1993 ya tanada. Dokar 2018 kuma ta wajabta binciken tasirin irin waɗannan ayyuka a kan muhalli tare da jin ta bakin mutanen wurin. Ku nemi a nuna muku nasu, ku ga abin da suka yi alkawari. In duk an toshe, kotu tana nan.

Samarinku kuwa ka gaya musu daga bakina: rabin hadisin da muka kawo, "wa la dirar", kansu yake magana, ba a rama cuta da cuta. Inji dukiyar mutane ce, mai gadi da direba jininsu haramun ne, kuma ranar da wuta ta tashi za a daina maganar rijiya a koma maganar jandarma. Waɗanda ke aiki a wurin albashinsu halal ne, kada a ƙaurace musu, kada a gori iyayensu. Sai dai ba ya halatta su ɓoye shaida a kan abin da idonsu ya gani don tsoron kora.

Saura maigari da duk wanda zai tsaya da sunan gari. Diyyar bango ta mai bango ce, diyyar gona ta mai gona ce, maraya da bazawara kowa da rabonsa, ba wanda ya isa ya yafe a madadinsu. Abin da aka miƙa wa wakili a asirce don ya yi shiru cin hanci ne, mai bayarwa da mai karɓa duk Annabi ya la'ance su. Idan kuma kamfanin ya nemi sayen gonakin da ke gindin dutsen, sai da yardar mai gona, da farashin da gonar ke da shi kafin ƙura ta kashe ta.

Wallahu a'alam.